Tab Zan Saya Ko Ƙaramar Laftof?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Na kwashi adashina wannan watan, kuma na ƙudura in sayi abin da zan riƙa aikin makaranta da shi, in huta da sintirin shagon buga takardu duk ƙarshen zango. Yara 54 ne a ajina. Aikin bai wuce buga tambayoyin jarrabawa, haɗa makin gwaji da na jarrabawa, fitar da na ɗaya da na biyu, sai rubuta tsarin darasi ba. Hausa nake koyarwa. Ƙanena ya ce in sayi tab sabuwa dal a kwali in haɗa mata ɗan kibod, maigida kuma ya ce ƙaramar laftof ta hannu ta fi. Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba. Sannan unguwarmu wuta sai ta ga dama, wani lokaci sai ƙarfe biyun dare ake kawowa.

Baban Zahra: Wa alaikumus salam Malama. Ai kin riga kin ba kanki amsa da kika ce babu wuta. Tab kawai. Ni shekara biyu ke nan da ita nake lissafin shago, bashin mutane da kayan da suka shigo duk suna ciki. Da fawa bank ɗin waya nake caja ta, tana da gurbin layi, ba sai na kunna wata waya na ba ta data ba. Laftof na taɓa saya ta hannu, wata huɗu batirin ya mutu, ta koma sai da janareta. Daga baya maƙalin murfin ya karye. Tana nan ƙarƙashin kanta tana shan ƙura.

Ummi: Anti, kafin komai, kar ki kuskura ki sayi tab ɗin nan marasa suna da ake tallarsu a intanet. Ni aka yi wa. A jikin kwali an rubuta ma'adana GB 512, RAM (ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita) GB 16, ga kibod da alƙalami da jaka duk kyauta, kuɗin kuma bai kai rabin na Samsung ba. Da na zuba littattafan karatu da 'yan bidiyon lacca, ban je ko'ina ba ta fara cewa ta cika. Mai gyara ya duba ya ce lambobin duk na ƙarya ne, an shirya ta ne ta riƙa nuna su. Kuɗin da Baba ya haɗa min ke nan na shiga aji uku. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Hanif: Subhanallahi. Allah ya mayar miki da alheri ƙanwata. Irin su ƙanena ya turo min hotonsu wallahi.

Injiniya: Malama, barka da yamma. Ina gyaran kwamfuta a Beirut Road da ke Kano, kuma irin tambayarki kusan kullum sai an yi min ita a baki. Ni ba na fara tambayar mutum nawa gare shi, ina fara tambayarsa: yawancin lokacinka karantawa za ka riƙa yi ko rubutawa? Mai karatu da kallo da cike 'yan gurabe, tab ta ishe shi har ta yi yawa. Mai zama ya buga shafi goma, ya jera sunaye 54 a tsaye da darussa goma sha a kwance, wannan laftof yake buƙata. Ke kuma duk abin da kika lissafa rubutu ne.

Bari in kawo miki misali da takardar sakamakon. A laftof, Excel yana buɗe a gefe guda, Word a ɗaya gefen, kina jan maus ki kwafe dabarar lissafi daga layin farko zuwa na 54 cikin daƙiƙa biyu. Akwai kuma hanyar da Word ke ɗauko sunan kowane yaro da makinsa daga Excel ya zuba a katin sakamakonsa shi kaɗai, kati 54 a danna ɗaya. Word ɗin da ke kan Android ba shi da wannan. Haka in makarantarku ta ba ki fayil ɗin Excel mai macro a ciki, wato ɗan shirin da ke yin aiki da kansa, a tab zai buɗe amma macro ɗin ba zai yi aiki ba. Sannan ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa: Microsoft na barin a gyara takarda kyauta ne a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba. In ta wuce haka, kamar Galaxy Tab A9+ mai inci 11, sai kin biya kuɗin rajista kafin ki rubuta ko kalma ɗaya a Word nasu. Ƙaramar kuma, mai inci 8.7, kyauta ce amma idonki zai gaya miki.

Baban Zahra: To ai ba dole sai Word ba. WPS kyauta ce, ni da ita nake aiki. Ga Google Sheets ma.

Injiniya: Gaskiyarka Alhaji, suna aiki. Sai dai takardar da aka tsara a WPS ta tab, in aka kai ta shagon da za a fitar da ita a Word, sau da yawa layuka sukan goce, tebur ya tsallaka wani shafin. Ga mai lissafin shago wannan ba komai ba ne, don ba wanda zai gani sai kai. Takardar jarrabawa kuwa yara za a raba wa.

Baban Zahra: Injiniya kai dai tallar hajarka kake. Kowa ya san 'yan Beirut laftof suke so a saya, don in ta lalace wurinku za a dawo. Kuma har yanzu ba ka ce komai a kan wuta ba.

Injiniya: Alhaji ban da kanti, benci gare ni da sukundireba. Ko ta saya ko ba ta saya ba, ba abin da zai shiga aljihuna. Kuma tab ma ana kawo min, sai dai yawanci in gilashinta ya fashe ko bakin cajin ya lalace, in ba ta shahararren kamfani ba ce sai in ce wa mai ita ya yi haƙuri, don ba a samun kayanta. Laftof ɗin ofis kuwa ko kibod, ko batir, ko fanka, akwai su a kasuwa.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi ta a hankali. Malama shawara ta nema. Alhaji ya kawo hujja mai ƙarfi ta wuta, Injiniya a amsa masa ita.

Injiniya: To ranka ya daɗe. A maganar wuta tab ta yi gaba, ban musa ba. Cajar Tab A9+ wat 15 ce, ta ƙananan laftof kuwa 45 ko 65. Tab ba ta da fanka, ba ta zuƙar ƙurar hunturu, kuma takan wuni. Amma laftof ɗin da nake nufi ba irin ta da ba ce mai caja kamar bulo. Waɗanda aka yi daga wajen 2018, irin ThinkPad X280, Latitude 7290 da EliteBook 830 G5, duk suna karɓar caji ta bakin USB-C. Ma'ana fawa bank zai iya caja su, in dai mai fitar da wat 45 ko sama ne, ba na waya ba. Fawa bank mai mAh 20,000 yana ɗauke da kusan wat-awa 74, batirin X280 kuma 48 ne yana sabo. Ko an cire abin da ke salwanta a hanya, zai cika ta sau ɗaya. Wanda ke da ɗan sola a gida kuma ya gama. Ita Malama ba wuni za ta yi a kai ba, awa biyu ko uku ne bayan isha'i, sai makon fitar da sakamako.

Abba: Me ya sa ba wanda ya ambaci ƙananan kwamfutocin aljihu? Akwai GPD Pocket, fuska inci 7 ko 8, Windows cikakkiya, kibod a jikinta, ta shiga jakar hannu. Ita ce ta haɗa biyun.

Injiniya: Abba, na taɓa riƙe ɗaya, abar sha'awa ce. Amma kuɗinta ya fi na laftof biyu irin waɗanda na lissafa, madannanta a matse suke, kuma ranar da wani abu ya mutu a cikinta sai an yi odarsa daga Sin. Masu yawon gyaran na'urorin sadarwa ta dace da su. Ba ta malamar aji ba ce.

Abba: Haka ne kam, tsadar ce matsalar.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ina biye da ku daga nan Nijar. Abu guda zan ƙara wa Malama, don mu nan mun saba da shi. Kwamfutocin hannu da ke shigo mana yawanci daga Faransa da Beljiyam suke, kibod ɗinsu AZERTY ne. Inda kuke da Q mu A ne, inda kuke da W mu Z ne, M ma ta koma gefen L, lambobi kuma sai an danne Shift suke fita. Irinsu na tsallakawa kasuwanninku, kuma akan sayar da su da ɗan rahusa. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan madannin ba zai sauya ba, mai koyo sai ya rikice. Mai shigar da maki duk lambobi ne aikinta. Ki duba layin sama da idonki kafin ki biya.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai Malam, wannan ko a mafarki ban san da shi ba. To Injiniya, na ga wasu ƙanana masu kyau, shuɗaye, an ce HP Stream, kuɗinsu bai kai na waɗanda ka faɗa ba. Har ragowar kuɗi zan samu.

Injiniya: A nan ne nake so ki tsaya sosai, don nan mutane suka fi faɗawa. Ƙaramar laftof iri biyu ce, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai wadda aka yi ta da araha tun daga masana'anta: injin Celeron, RAM 4, ma'adana 32 ko 64 irin wadda ake kira eMMC, a liƙe take da allon ciki, ba a cirewa ba a ƙarawa. Akwai kuma wadda aka yi wa ma'aikatan kamfanoni da tsada, suka yi shekaru uku ko huɗu da ita aka sauya musu, ta zo mana a matsayin ta hannu. Ta farkon ko sabuwa ce ba na ba da shawararta. Mai 32 ɗin, Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi, ranar da za ta sabunta kanta sai ta ce babu wuri. Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo min irinta, daga danna Word zuwa buɗewarsa na sha ruwa na amsa waya. Ba abin da zan iya yi mata. In dai tsakanin wannan ne da tab ta kirki, to ni ma ina bayan Alhaji, ki ɗauki tab.

Baban Zahra: Yawwa. Yanzu ka yi magana.

Injiniya: Abin da za ki nema: injin Core i5 zubi na takwas, wato lambar da ke bayan i5 ta fara da 8, kamar 8250U ko 8350U. RAM 8. Ma'adana SSD 256. Dalilin zubi na takwas shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas take farawa. Za ki ga X260 da X270 da araha, injina ne masu ƙarfi, wasunsu ma batir biyu gare su, amma zubi na shida da na bakwai ne. Ana yi musu dabara a ɗora 11, sai dai ba na so mai koyo ta fara da dabara. Ki lura kuma, X280 RAM ɗinta a liƙe yake, in kika sayi mai 8 a haka za ta ƙare. Latitude 7290 da EliteBook 830 G5 ana iya ƙara musu.

Ummi: Injiniya, Chromebook fa, laftof ɗin nan mai tsarin Google? Ƙawayena biyu suna da ita, batirinta na daɗewa sosai, kuma da araha.

Injiniya: Tana daɗewa, kuma kibod ɗinta na gaske ne. Amma ba a ɗora mata Word da Excel irin na Windows, ta fi son intanet, kuma kowace tana da ranar da Google zai daina sabunta ta. Da yawa daga waɗanda ke zuwa nan na makarantun Amurka ne da suka kusa wa'adinsu, wasu ma a kulle suke da sunan makarantar. Ke da za ki rubuta kundin kammala digiri, in malaminki ya ce SPSS, manhajar nazarin alƙaluman bincike, ba za ta yi miki ba, tab ma haka.

Malam Na Tsangaya: Ni kuma bari in faɗi nawa, ko da ba a tambaye ni ba. Tab ɗin nan ni'ima ce ga mai karatu. Littattafan da da sai na ɗauki jaka biyu, yanzu suna hannuna, in buɗe Risala in ja rubutun ya yi girma yadda idona ke so, in kishingiɗa a tabarma ina bita. Laftof ba ta ba ka wannan. Amma na gwada rubuta wasiƙa shafi biyu a kanta da ɗan kibod ɗin da ake haɗawa, na sha wuya. Ba ya zama a cinya, sai da tebur, shi ma cajinsa daban, wani lokaci ka danna harafi ya fito sau biyu. Don haka 'yata, in rubutu ne sana'arki, ki ji maganar Injiniya.

Maman Hanif: Allah ya ƙara girma Baba. Wani abin da ke damuna kuma shi ne haruffa masu ƙugiya. A waya ina danne k sai ƙ ta fito, haka ɗ da ɓ. A shagon da nake kai aiki kuwa kullum sai an buga min "kasa" a wurin "ƙasa", "bari" a wurin "ɓari". Zangon da ya wuce na yi tambaya a kan bambancin "ƙafa" da "kafa", takarda ta fito duk biyun iri ɗaya. Da biro na bi takarda 54 ina sa ƙugiya da daddare. Wannan ne ma ya sa na ce sai na mallaki nawa. To a laftof ya ake yi?

Ɗan Damagaram: Wannan ciwon namu ne duka. A Windows akwai kibod ɗin Hausa, a saitin harshe ake ƙara shi, sai ki riƙa sauyawa tsakaninsa da na Turanci. Akwai kuma manhajar Keyman, kyauta ce. Ni dai abin da na yi a Word, na shiga wurin alamomi na ba kowane harafi nasa gajeren danni: Alt da k ya ba ni ƙ, Alt da d ya ba ni ɗ, Alt da b ya ba ni ɓ, manyansu kuma in haɗa da Shift. Sau ɗaya ake yi. Kuma in kin gama, ki mayar da takardar PDF kafin ki kai a fitar, don in kwamfutar shagon ba ta da irin rubutun da kika zaɓa, sai ƙugiyoyin su koma 'yan akwatuna.

Baban Zahra: A nan dai tab ta fi sauƙi, ku yarda.

Ɗan Damagaram: In da yatsa kake rubutu a gilashi, ta fi. Da ka haɗa mata kibod na waje, dannewar nan ba lallai ta yi ba, sai ka koma neman hanya.

Ummi: Anti ga wani amfanin kuma, su Hanif. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A ɗakin da na rubuta tawa, wata yarinya kusa da ni ta iya waya sarai amma hannunta rawa yake a kan maus, sai da mai sa ido ya nuna mata ta yi amfani da madannai. Yaron da ya taso yana taɓa kibod a gida ba zai yi wannan ba.

Maman Hanif: Wallahi kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. To Injiniya, in na je me zan duba? Ina tsoron irin abin da ya samu Alhaji.

Injiniya: Abin da ya samu Alhaji batir ne, kuma ana ganewa tun a kanti. Ki ce mai kayan ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da takarda mai lambobi biyu: abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. In na biyun bai kai kashi 70 cikin ɗari na na farkon ba, ko a sauya batir ko a rage kuɗi. In ya ƙi yarda a duba, ki yi gaba, shaguna ba su ƙare ba. Ki sa a cire caja ki zauna minti goma sha biyar kina kallon yadda yake sauka. Ki buɗe murfin ki rufe sau biyar, ki saurara ko yana ƙara. Ki buɗe Notepad ki danna kowane harafi da kowace lamba. Ki dubi wurin da ake jan yatsa, in ya ɗago sama batirin ne ya kumbura a ƙarƙashi. A shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanki a tabbatar ba kalmar sirri. Sannan rasit mai lambar jikin na'urar da sunan shago, da sharaɗin mayarwa ko na mako guda ne, saboda kayan sata na yawo kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a ciki. Ki tafi da filashinki mai sakamakon zangon da ya wuce, ki buɗe shi a laftof, ki sa a tura shi a tab ma ki gwada shigar da makin yara goma a kowace. Hannunki zai yanke hukunci.

Baban Zahra: Wannan gwajin na yarda da shi. Da na san da batun lambobin batirin nan da ban yi asara ba. Injiniya, ka yafe maganar ɗazu. Tawa da ke ƙarƙashin kanta, tana gyaruwa?

Injiniya: Ba komai Alhaji. Turo min hoton takardar da ke liƙe a bayanta in ga lambarta. In batir da maƙali ne kawai, ba aiki ba ne.

Maman Hanif: Jama'a salamu alaikum, na dawo da labari. Ranar Asabar mun je da maigida. Na yi gwajin filashin. A tab makin yara goma ya ci min minti shida, sau biyu ina zuba na wani a layin wani. A laftof ban kai minti uku ba, duk da hannuna bai saba ba. Shago na farko ya ce ba a taɓa tambayarsa takardar batir ba, muka fita. A na uku muka samu Latitude 7290, i5 mai farawa da 8, RAM 8, batirin kashi 78. Ta farko da ya ɗauko AZERTY ce, ina kallon layin sama na tuna da Malam na Damagaram. Kuɗin ya tafi duka, fawa bank sai adashi na gaba, yanzu a makaranta nake caja ta. Jiya na yi Alt da k, ƙ ta fito. Amma babbar Ƙ ta ƙi, sai ƙaramar ke fitowa ko na danne Shift.

Ɗan Damagaram: Ma sha Allah, Allah ya sa albarka. Babbar harafi ce daban a wurin alamomin, ba ta bin ƙaramar. Ki koma ki nemo Ƙ, tana dab da ƙ, ki ba ta Alt da Shift da k. Ɗ da Ɓ kuwa ba sa kusa da ƙananansu, suna can sama kaɗan, kafin ki iso kan Ƙ ɗin.